Kwana Biyun Shuka a Gidan Roba: Ta'aziyyar Alhaji Bunu Kashim

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, 28 ga watan Mayu, 2024, cikin watan Zulƙida, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Alhaji Bunu Kashim, mai masana'antar roba ta ƙauyen Tudun Marke, a wani asibiti a birnin Kano, bayan jinyar mako uku. Ya rasu yana da shekara sittin da bakwai. An kawo shi gida aka yi masa sutura, bayan sallar la'asar muka kai shi makwancinsa a maƙabartar da mahaifinsa yake, gefen hanyar da ta tashi daga Tofa zuwa Rimin Gado.

Ni ne Dallatu Yahya, heluman ma'aikatan wannan masana'anta, wadda duk yankin nan ba mai kiran ta da sunan da aka rubuta a allo, Gidan Roba kawai ake cewa. Shekara arba'in da ɗaya muka yi tare da mamacin. Alhaji, da kai zan yi magana yau, domin lokacin da kake raye ba ka taɓa barina na kai ƙarshen zance ba.

Zan fara da abin da mutane suka ji kunyar faɗa a wurin zaman makoki. Mun yi kukan rashinka, Allah Ya sani. Amma a ƙarƙashin kukan akwai tsoro. Mutum tamanin da uku ne suke aiki a Gidan Roba, ban da mata fiye da arba'in da ake kai wa aiki har cikin gidajensu. Kowa ya san babban ɗanka Uzairu ya daɗe yana so a kwashe injinan nan a mayar da su birni, kuma kowa ya san kai kaɗai ne ka hana. Muna zaune a kan tabarma muna amsa gaisuwa, idanunmu suna kan Uzairu. In ya tashi ya koma gefe da waya a kunne, sai ka ji hira ta ɗauke. Ni kaina na yi ta addu'a da bakina, zuciyata tana can bakin ƙofar masana'anta. Ka yafe mini wannan.

A kasuwar Rimin Gado na fara ganin ka, a shekarar 1983. Kana zaune a gindin bishiya da kaskon garwashi da wata tsohuwar wuƙa, kana liƙe fasassun bokitai da tsinkakkun silifas. Ni kuma ina gefenka ina gyaran injin niƙa. Warin ƙonanniyar roba ya hana ni sakat, har na tashi na je na ce wa sarkin kasuwa ya ɗauke mini Babarbaren nan kafin ya kashe ni. Kai ko ɗago kai ba ka yi ba, ka ce a yi haƙuri da ni, Bafillace ne da ya rasa shanu ya koma kiwon ƙarafa. Kasuwa ta kwashe da dariya, ni ma na taya su. Daga ranar ba ka sake kira na da sunana ba sai in akwai baƙi, ni ma ban fasa ce maka bawana ba ko bayan ka je Makka sau biyu.

Kakanka fataucin kanwa ne ya kawo shi daga Barno, ya ga wuri ya zauna. Abin da ya bar muku 'yar gona ce, wadda kafin ta iso hannunka an raba ta sau biyu. A ƙasar nan tamu gona ba ta ƙaruwa, magada ne suke ƙaruwa, kuma duk inda ka taka akwai iyakar wani. Ka gane tun da wuri cewa wannan gonar ba za ta riƙe gida ita kaɗai ba, amma ba ka taɓa yarda a bar ta ba.

Kai ne ka lura cewa bokitin da ya fi ƙarfin liƙi zubar da shi ake yi. Sai ka hau keke kana bin ƙauyuka, kana ba mata gishiri da ashana suna ba ka fasassun robobi. Kana ɗaura buhuna a keken nan har ba a ganin mai tuƙi sai ƙafafunsa. Yara suna bin ka da waƙa, manya suna cewa ɗan Malam Kashim ya koma tsintar bola. Kana kai kayan kamfanonin birni a auna a biya ka, amma maimakon ka juyo, sai ka tsaya bakin ƙofa kana leƙen abin da ake yi da su. Da leƙe bai ishe ka ba, ka nemi aikin lebura a ɗaya daga cikinsu, shekara uku kana ɗaukar buhu don kawai ka samu tsayawa kusa da injin. Duk ranar da ka zo gida sai ka tare ni da zane a ƙasa, kana nuna mini ta inda roba take shiga da ta inda take fita, ni kuma ina ce maka ka nemi magani.

A 1991 ka sayi injin markaɗa roba, ni na kafa maka shi. A 1998 ka sayo injin bugawa na farko, tsoho ne da wani kamfani ya gaji da shi, da mazubi guda ɗaya tak, wato ƙarfen da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki ta fito da siffar buta. Duk wanda ya ba ka shawara cewa ya yi ka kafa shi a birni inda akwai wuta da hanya. Ka kawo shi bakin gonar mahaifinka ka yi masa rumfar kwano. Dalilinka shi ne ka ga yadda waɗanda kuka yi lebura tare suka ƙare: sun bar gona don aikin wata, ranar da kamfani ya sallame su ba aikin ba gonar. Ka ce duk wanda zai yi maka aiki a gidansa zai kwana, kuma hatsin gonarsa zai ci. Na rufe rumfata ta kasuwa na biyo ka, muka fara mu shida.

Yanzu zan faɗi abin kunyata, tunda duk wanda ya girma a Tudun Marke ya riga ya sani.

A daminar 1999 ruwan shuka ya sauka wata rana da hantsi, kana birni, muna tsakiyar aiki. Kafin azahar ya ɗauke, ƙasa ta sha ta ƙoshi, ƙamshinta yana shigowa har cikin rumfa. Wanda bai yi noma ba ba zai san abin da wannan ƙamshi yake yi wa manomi ba. Danshin farko ba ya jiran kowa, in ka bari ya wuce maƙwabcinka ya tsere maka da mako biyu ko uku, kuma haka za ka yi ta bin bayansa har kaka. Ma'aikata suka fara sulalewa. Wannan ya ce zai kama ruwa, wancan ya ce ana kiran sa a gida, ba wanda ya dawo. Na daure ni kaɗai har la'asar ina zagin su a zuci. Daga nan sai na hango maƙwabcina yana sara da sungumi a iyakar gonata. Na tsayar da injin, na ce bari in je in yi ko kunya goma in dawo. Ban kashe wutar da take narkar da roba ba, ban kuma fitar da robar da take cikin bututun ba. Ni da nake kiran kaina makaniki.

Sai bayan magariba na dawo, na tarar da rumfa cike da hayaƙi. Robar ta ƙone ta zama gawayi a cikin injin. Kwana goma sha tara muka yi muna kwancewa muna kankarewa. Kwana ukun farko ko kallo na ba ka yi ba, kuma wallahi da duka na ka yi da ya fi mini sauƙi. A rana ta huɗu muna tsugune muna kankara, sai ka tambaye ni ko na gama shukar. Na ce saura ta kwari.

"To tashi ka je ka ƙarasa," ka ce. "Injin ya riga ya mutu, kada gero ma ya bi shi."

Ba ka kori kowa ba. Abin da ka yi shi ne ka kafa doka. Duk shekara in ruwan shuka ya sauka, kai da kanka za ka fita bayan masana'anta ka tona ƙasa da hannu. In danshi ya shanye tafin hannunka, sai ka sa a amayar da injina, wato a bar su suna juyawa har sai duk narkakkiyar robar cikinsu ta fita. Sannan a kashe komai, a sa kwaɗo a ƙofa kwana biyu, kowa ya tafi gonarsa, kuma ba a taɓa albashin kowa. Ka ce tunda dai za a tafi, gara a tafi ta ƙofa da a tafi ta katanga. Damina ashirin da huɗu aka yi a haka. Rumfa ta zama gini, injin ɗaya ya zama tara, aka ƙara bokiti da baho da kujera da tiyon ban-ruwa, amma kwana biyun nan ba su taɓa canjawa ba. Ranar da labarin rasuwarka ya iso, sai da na amayar da injinan nan tara ina hawaye kafin na bar kowa ya fita. Na san da kana gani abin da za ka fara tambaya ke nan.

Ba zan ce ba ka da aibu ba, domin ba za ka yarda ba. Kana da taurin kai, kuma yabo yana yi maka wuyar fita kamar cire ƙaya. Shekara ashirin da shida ina yi maka aiki, mafi girman abin da ka taɓa ce mini shi ne ba laifi. Sannan ba ka iya wuce roba a ƙasa. Wata rana mun tafi ɗaurin aure Tofa, kana cikin babbar riga sabuwa, motoci uku suna bin mu a baya, ka sa Nababa direba ya taka birki a tsakiyar hanya. Muka ɗauka wani abu ne ya faru. Ashe rabin baho ka hango a cikin kwata. Ka fita ka tattare riga ka ɗauko shi ka sa a bayan mota, ka dawo ka zauna kana goge hannu kamar ba ka yi komai ba. Na ce ka ba mu kunya a gaban surukai. Ka ce wannan rabin bahon buta biyu ne, kuma surukan da suke jin kunyarsa su ne za su saya.

Butar ma ba ka yarda a fitar da ita sai ka yi alwala da ita da kanka. Akwai shekarar da aka kawo sabon mazubi mai tsada daga Legas, buta ta fito kyakkyawa, kowa yana murna. Ka cika ta da ruwa ka tsuguna a tsakar masana'anta, muna tsaye muna kallo. Kafin ka kai ƙafar hagu ruwa ya ƙare, domin bakinta ya yi faɗi. Ka miƙe ka ce a mayar da mazubin a gyara. Aka ce maka ai mai saye ba zai gane ba sai ya kai gida. Ka ce to a gida ne zai tsine mana, kuma da asuba, lokacin da addu'a ba ta faɗuwa ƙasa. Wata biyu muka yi ba mu buga buta ba.

Aikin matan gida kuwa daga kan Bilki ya fara, matar ɗaya daga cikin mu shidan farko, wanda ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Ka aika mata da hatsi sau biyu, na uku ta dawo da shi ta ce ita ba ta saba ba. Ba ka ji haushi ba. Ka zauna ka yi tunani, sai ka tuna kowace buta in ta fito daga mazubi akwai ɗan bakin roba da yake saura a gefenta wanda ake ferewa da reza. Ka sa aka kai mata buhu biyu ta fere a biya ta. Yau gida fiye da arba'in ne amalanke yake tsayawa a ƙofarsu da safe, kuma babbar 'yar Bilki ita ce ungozomar asibitin garinmu. Manoman rani na madatsar ruwan Watari ma suna da nasu labarin. Kai ne ka ce duk wanda tiyonsa ya fashe kada ya yar a bakin ruwa, ya kawo a karɓa a sauƙaƙa masa sabo. Ranar sadakar uku motarsu biyu ta zo, wani tsoho a cikinsu ya ce bai taɓa ganin ka ba, tiyonka kawai ya sani, kuma bai taɓa cin amanarsa ba.

Sai maganar Uzairu. Shekara shida ke nan da ya dawo gida bayan ya yi karatun injiniya ya kuma yi aiki a Legas. Yanzu da hankalina ya kwanta zan faɗi gaskiya: yaron ya san aiki. Shi ya sa aka yi wa injina murfi don kada su ci hannun mutum, shi ya hana shiga da silifas, shi ya gano dalilin da kujerunmu suke karyewa a ƙafar baya. Amma ni a lokacin ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne yaron da na goya yana nuna mini yadda ake riƙe sifana. Ina kiran sa Injiniya, kuma shi da ni duk mun san ba girmamawa ba ce.

Hujjarsa a kan komawa birni ba ta banza ba ce. Man janareta yana cinye riba, hanya tana kashe motoci, ga kuma kwana biyun shuka. Shekara huɗu da suka wuce wani babban dila daga Maraɗi ya turo mota ranar da aka rufe. Direba ya tarar da kwaɗo, ya kwana a bakin ƙofa, ya juya, kuma dilan bai sake dawowa ba. Da aka buɗe, kai da Uzairu kun yi ta sosai a ofis, ina jin ku ta taga. Uzairu ya ce wannan ba masana'anta ba ce, gayya ce, mutanen nan manoma ne da suke taimaka maka in ba su da abin yi, kuma ba za su taɓa ɗaukar aikin da muhimmanci ba. Ka ce masa kai ma manomi ne, kuma da geron gonar nan aka yaye shi. Ya fita, ka fita, aka yi mako ba ku ci abinci tare ba. Wannan maganar tasa ta zauna mini a rai, kuma ni na yaɗa ta a cikin ma'aikata. Ban kyauta ba.

Ranar Litinin aka yi sadakar bakwai. Ranar Talata Uzairu ya aiko cewa za a koma aiki ranar Alhamis, akwai motar bokitai da za a cika. Bai ce komai ba game da tashi ko zama. Ranar Laraba bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda tun cikin watan Mayu ake jira. Ina zaune a zaure ina kallon sa, amma na kasa yin murna. Ga ruwan shuka, ga ranar komawa aiki, ga wanda yake tona ƙasa ba ya nan.

Bayan sallar magariba na tsayar da mutanenmu a ƙofar masallaci, na ce waɗanda suke nan su gaya wa waɗanda ba sa nan: gobe kowa ya zo aiki. Nababa ya ce Malam Dallatu, danshin fa? Na ce ya rufe mini baki. Na ce in muka tafi gona gobe mun miƙa wa yaron nan hujja da hannunmu, zai ce kun gani, ko kwana goma ubana bai yi ba sun bar mini injina. Na ce gara mu yi asarar shukar farko ta shekara ɗaya da mu yi asarar Gidan Roba gaba ɗaya. Ba wanda ya ji daɗi, amma ba wanda ya musa. Na koma gida ina jin na yi dabara.

Alhaji, ban taɓa yin tafiya mai nauyi irin ta safiyar Alhamis ɗin nan ba. Hanyar masana'anta ta cikin gonaki ta bi. Ko'ina mutane ne, mai sara yana gaba, masu zuba iri suna biye suna takewa da diddige. Mu kuma muna wucewa a jere cikin kayan aiki, kowa kansa a ƙasa. Ana yi mana barka da ruwa, ana tambayar mu ko lafiya. Na wuce gonata ban waiwaya ba. Nababa yana bayana, ina jin yana jan tsaki a hankali.

Muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Uzairu yana zaune a kan benci shi kaɗai, hannunsa na dama duk taɓo har wuyan hannu. Ya miƙe ya gaishe ni, ya bi mu da kallo tun daga na gaba har na ƙarshe. Sannan ya tambayi wanda ya ce mu zo. Na ce ni ne, ai shi ya ce Alhamis.

"Baba Dallatu, na tona," ya ce, ya ɗaga hannun. "Ya wuce tafi."

Sai ya ce akwai saƙon da ka ba shi a asibiti, mako guda kafin rasuwarka. Ya ce kullum in ya shigo ɗakin ba ka tambayar injina, hadari kake tambaya. Ranar ka kira shi kusa ka ce masa: in ruwa ya sauka ina kwance a nan, Bafillacen nan zai tara su ya kawo su aiki, domin yana tsoron ka. Na san halinsa. Ka kore su.

Wasu suka yi dariya, wasu suka fashe da kuka, ni na haɗa duka biyun. Kana kan gadon asibiti, numfashi yana yi maka wuya, amma ka san wautar da zan yi tun kafin ni in san zan yi ta.

Da aka natsa, Nababa ya yi ƙarfin halin da ni na kasa, ya tambaye shi maganar birni. Uzairu ya dubi taɓon hannunsa. Ya ce ba ka ɗaure shi da wasiyya a kan wannan ba, cewa ka yi shi da 'yan'uwansa su yi abin da suka ga ya dace. Ya ce sun zauna da mahaifiyarsu sun yarda ba za a raba injina ba, amma maganar tashi an bar masa, kuma har safiyar nan bai yanke ba. Ya ce har yanzu yana ganin birni ya fi sauƙi, ba zai yi mana ƙarya ba.

"Shekara shida ina gaya wa Baba ba ku ɗauki aikin nan da muhimmanci ba," ya ce. "Yau kun wuce gonakinku a jiƙe kun zo. Kun ba ni kunya, kuma ba ya nan balle in ce masa shi ne da gaskiya. Ku tafi ku yi shuka. Ranar Asabar injin zai tashi, kuma a nan zai ci gaba da tashi."

Ban taɓa ganin dattawa suna gudu irin na ranar ba. Ni na tsaya, na ce masa ya yafe mini abin da na yi ta faɗa a kansa. Ya ce ba komai, amma in daina ce masa Injiniya da wannan muryar. Na ce zan gwada.

Ranar Juma'a da safe, bayan yawancinmu mun ci ƙarfin shukarmu, sai muka tuna gonarka. Duk shekara kai kake fara sara a cikinta, bana ba wanda ya yi maganarta. Muka tafi mu wajen ashirin da sungumanmu. Muka tarar an riga mu. Uzairu ne yake sara, ƙaninsa Zubair yana bin sa da ƙwarya. Mahaifiyarsu Hajiya Aina'u tana cikin takaba ba ta fita, amma ita ta aiko da irin, wanda ka zaɓa da hannunka a kakar bara ka rataye a rumbu. Saran Uzairu kuwa sai addu'a: wani rami ya yi zurfi, wani ko tsuntsu ba zai sha wahalar tonewa ba, layi ya tafi ya karkace kamar hanyar shanu. Na karɓi sungumin na nuna masa yadda ake taku. Ya kalla, ya ce ya gane, ya karɓe abinsa. Muka bar masa gefen gabas muka kama sauran. Yau da nake wannan rubutu geron ya fito. Daga bakin hanya ana gane layukansa, a karkace suke, amma ba ramin da bai tsiro ba.

Ya Allah, ga bawanKa Bunu ɗan Kashim ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sanya duk alwalar da aka yi da butar da ya ƙera, da duk gidan da aka ɗora tukunya ta dalilinsa, a cikin mizaninsa na alheri. Ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya yafe mana namu, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ka haɗa shi da iyayensa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Aina'u, wadda ta zauna da shi tun yana warin ƙonanniyar roba ba ta taɓa nuna ta gaji ba, da 'ya'yansa Uzairu da Amsa da Zubair da Ilham, da jikokinsa, da 'yan'uwana ma'aikata, da matan da suke fere buta a gidajensu, da mutanen Tudun Marke da Tofa da Rimin Gado da Watari. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Allah Ya dafa wa Uzairu a kan nauyin da ya ɗauka, Ya ba shi abokan aiki da suka fi ni kyakkyawan zato. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Ka huta, Bunu. An yi shuka, kuma ranar Asabar da safe injin ya tashi a inda ka bar shi. Allah Ya jiƙan ka, amin.

Dallatu Yahya,
Tudun Marke.